Ɗan farina ya zaɓa wa ubansa wuƙa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye a gefen Danja, ban iya rubutu ba, murya na tura, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Maigidana Malam gwaiwa ta fito masa hagu da dama, tun damina in ya sunkuya da fartanya sai ya dafe mara. Kunnensa ya yi nauyi, sai babban ɗanmu ya raka shi asibiti a Funtua, ya zama kunnensa. Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa faɗa ba. Ya dawo ya ce likita ya ce hanya ɗaya ce, yanka, yanzu da kaka, wannan ɓari ya warke sannan a koma wancan. Muka ce Allah ya sa a dace.

Ashe ba haka likita ya ce ba. Matar yaron ce bakinta ya kuɓuce muna ɓarar masara. Hanya biyu likita ya shimfiɗa. Akwai yankan, a kashe wurin da allura Malam na farke, amma zai jima bai ɗaga buhu ba. Akwai na huda, a Zariya, a sa shi barci a shiga da na'ura ta 'yan ƙofofi a gyara duka biyun lokaci guda, ya fi saurin miƙewa. Ya ce a je gida a yi shawara. Shawarar nan ba ta taɓa ƙetare zaurenmu ba.

Na san dalili. Tun da aka kawo ni gidan nan Malam ke tsayawa bakin rumbu ya raba amfanin gandu, ya fara da marayun ƙanensa. Yaron ya daɗe yana cewa marayun sun girma. In Malam na kwance lokacin rabo, mudu na hannun yaron.

Ban ce hudar ta fi ba, Malam na da tari, barcin nan ma tsoro yake ba ni. Amma jikinsa ne, shi ya kamata ya zaɓa.

Kunya ta hana ni tarar yaron, tun yana goye ban taɓa masa faɗa ido da ido ba. In na gaya wa Malam, na san zuciyarsa, baki zai yi masa, kuma ni na haife shi. In na yi shiru, Talata za a shiga da Malam ɗakin yanka, jiya ma ina ji yana sa wa yaron albarka.

'Ya'yana, wanne zan ceta?