Raba Ta da Sauran

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, Allah Ya ƙara maka haƙurin zama nesa da gida. Mu nan kowa lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana takowa shago da kanta. Baba yana nan yadda ka san shi, tabarau a goshi yana neman tabarau.

Yaya, akwai maganar da na kasa faɗa maka a waya, don ka san bakina nauyi gare shi. Ka tuna da Baba ya sa mai gyara ya ɗora sabuwar kwamfuta a teburin bakin ƙofa, ka turo mini saƙon murya ka ce in shiga saitin firinta a babbar kwamfuta, wadda wayar firintar ke jikinta, in raba ta da sauran. Sau uku na saurara. Ranar Talata da safe, kafin Baba ya iso, na shiga inda ka kwatanta, na tarar da ɗan akwati da alama a ciki. Na ce tunda Yaya ya ce a raba ta da su, to wannan alamar ce ta haɗa su. Na cire ta, na rufe, har ina jin daɗi na yi aikin manya.

Wajen ƙarfe goma wata malamar lissafi ta zo, ta zauna buga tambayoyin jarrabawa a kwamfuta ta biyu. Ta ce ƙarfe biyu yara za su zauna, kuma shugaban makaranta yana jiran takardun. Ta gama, ta danna, firinta ta yi shiru. Ta sake dannawa. Ta uku ma shiru, sabuwar ma shiru, babbar ce kaɗai ke bugawa. Malamar ta roƙi Baba a kwashe aikin a filash a kai babbar, shi kuwa ya nuna mata takardar da ka manna a bango, cewa kada filashin kowa ya shiga babbar. Ya ce ɗansa ya kafa wannan dokar bayan wahalar bara da wani filash ya lalata babbar, ba zai karya ta ba. Ta ce to ɗan nasa ya zo ya zauna mata da yara sittin.

Abin da ya fi damuna shi ne Baba ya ɗora laifin a kan mai gyara. Ya kira shi a gaban mutane, ya ce kafin ya taɓa musu kaya komai lafiya lau, kada ya sake taka shagon. Ina jin muryar bawan Allah daga cikin wayar yana rantsuwa. Ni ina tsaye bayan kanta ina jera takardun da na riga na jera. Zuciyata ta faɗa mini alamar nan ce, amma kuma ai abin da ka ce na yi. In na yi magana, ko dai in tona kaina ko in jawo maka, kuma Baba ba zai ƙara barina kusa da babbar ba.

Sha biyu ta wuce, sai ga Inna da ruwa da kofi. Ta ga malamar tana ta gumi, shago cike da masu jira, ta miƙo mini ta ce in raba musu. Yaya, kofin na hannuna abin ya faɗo mini. Raba musu. Ashe nufinka in raba wa sauran kwamfutocin firintar, kowa ya samu, ni kuma na raba su kamar masu faɗa. Na ajiye kofin, na je gaban Baba, na ce ni ce. Bai ji ba, sai da na maimaita, kowa ya juyo yana kallona. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Baba ya matsa daga kujerarsa. Na zauna na mayar da alamar.

Ashe duk dannawar da malamar ta yi tana nan a layi tana jira. Firinta ta fara zubo tambayoyin jarrabawa sau goma sha ɗaya, ga iyayen yara biyu a tsaye a wurin. Malamar ta yi tsalle ta kare firintar da jikinta, tana kwashewa tana cusawa a jaka, tana cewa kowa ya kalli bango. Ɗaya da rabi ta fita da gudu, ko sallama babu.

Da shago ya watse Baba ya miƙo mini wayarsa, ya ce wanda ya ɓata rawarsa da tsalle shi zai gyara, in kira mai gyara in ba shi haƙuri da bakina. Na kira, na ba shi haƙuri. Mutumin ya yi dariya ya ce ba komai, sannan Baba ya karɓa shi ma ya ba shi haƙuri. Kwana biyu ban je kusa da babbar ba, Baba kuma bai ce in je ba, shirunsa ya fi faɗa ciwo. Sai jiya ya ba ni alƙalami da farar takarda, ya ce in rubuta cewa kada a kashe babbar da rana kuma kada a taɓa alamar nan, in sa sunana a ƙasa, tunda yanzu na fi kowa sanin ta. Ya manna ta kusa da taka.

Ban faɗa masa kalmar da ka yi amfani da ita ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma don Allah, gaba in za ka ce in raba abu, ka faɗa mini da wa ko wa wa.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Baba, Kawu da Gwaggo duk suna gaisuwa. Ka gaida Anti, ka shafa mini kan jariri. Wannan wasiƙar a kwamfutar bakin ƙofa na rubuta ta, kuma ta firintar nan ta fito, dannawa ɗaya.

Taka ƙanwa,
Shiru-shiru