Baba, Na Karɓe Cokalin Malam Garba

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina fatan rahamar Allah tana isa makwancinka.

Daga bencin asibiti nake rubuto maka. Amininka Malam Garba yana ciki ana yi masa ƙarin ruwa, ya juya fuska bango don kada ya gan ni.

Ni ke kula da ajujuwan da ake ginawa a hanyar Makoda, shi ne babban magininmu. Yau muka zuba kankaren rufi. Kwana uku hadari na haɗuwa ya ƙi zubowa, iska ta tsaya cak, riga na manne wa jiki. Na'urar auna zafin da muka rataye a jikin darbejiya ta nuna ja tun hantsi. In ta yi haka, kowace sa'a sai in busa usur, kowa ya shiga inuwa ya sha ruwa.

Na busa, Baba. Ba wanda ya motsa. Kai ka fi ni sanin dalili: lebura ba ya ajiye kwanon kankare alhali babbansa na tsaye. Shi kuwa ko waiwayowa bai yi ba, wai kankare in an fara zubawa ba a katse shi.

Sai na hau rufin na same shi. Kowa ya jiƙe sharkaf, amma wuyansa a bushe ƙayau, da zafi kamar murfin tukunya. Ya dube ni ya kira ni da sunanka. Leburori kuwa sai zuga shi suke, wai tsohon ƙashi ya fi ƙarfin gumi.

Haka muka zuga ka ranar nan a wurin gini a Bacirawa. Na miƙo maka ruwa ka ce, "In na zauna, wa zai tsaya?" Da ka fara kakkarwa muka ce zazzaɓi ne. Ni na kawo bargo, ni na lulluɓe ka. Kafin la'asar ka tafi. Sai daga baya aka koya mini cewa mai aiki a rana in gumi ya ɗauke masa, ya kai bakin halaka.

Shi ya sa na kama hannun Malam Garba na zare cokalin gini, a gaban kowa. Ka san abin da hakan ke nufi ga magini mai furfura. Ya ɗaga hannu zai mare ni, ƙafarsa ta lanƙwashe. Muka sauko da shi, muka tuɓe masa riga, muka juye masa ruwan randa, ana fifita har aka samo mota. Kankare ya daskare a rabi, ban ko waiwaye shi ba.

Likita ta ce sai gobe za a san ko ƙodarsa ta tsira. Da ya farfaɗo ya ce wa iyalinsa ɗan da ya goya ya tozarta shi. Ya yi mini zafi, Baba, har na yi kuka. Amma in ya tashi bai ƙara amsa gaisuwata ba, na yarda, in dai yana da ran da zai ƙi amsawa.

Allah ya tashi kafaɗarsa. Allah ya sanyaya kabarinka, ya yafe mini abin da ban sani ba.

Ɗanka mai kewarka,
Sani