Ƙafar Abi da Rijiyar Puga

Litinin, 2 ga Satumba
Rijiyar nan ta Puga ta ishe ni. Mita dubu muka haƙa, dutsen ƙasa zafi jau, amma tururin da ke fitowa, wanda muke nema don wutar lantarki, bai fi na butar shayi ba. Dabara ɗaya ta rage: mu danna ruwa da ƙarfi har dutsen ya tsattsage, ruwan zafi ya sami hanya. Bhandari, shugaban aiki, ya ce hawa uku za a yi, kowane ya fi na baya ƙarfi. Famfon a hannuna yake.

Laraba, 4 ga Satumba
An yi hawa na farko, tururi ya ɗan ƙaru. Ban gama murna ba sai ga Abi, kakata, a bakin shinge da sandarta. "Ke Yangdol, me kuka yi wa marmarona?" Marmaron zafi na bayan tantinta take nufi, inda take jiƙa gwiwoyi. In ba ta jiƙa ba, ba ta iya bin awaki. Wai a da addu'armu da ake kira "mani" sau bakwai take ja a carbi kafin zafi ya sa ta janye ƙafa, yau sai da ta ja ashirin, wato ruwan ya huce. Na ce Abi, ƙafa ai ba ma'auni ba ce. Ta ce, "Shekara saba'in da ita nake awo, naku na jiya ne." A gaban ma'aikata fa! Kunya kamar in nutse.

Asabar, 7 ga Satumba
Hawa na biyu. Na duba taswira, marmaron ba ya ciki. Ashe masu zanen sun zo ne lokacin da makiyaya suka tashi, ba wanda ya nuna musu. Bhandari ya ce abin da babu a taswira babu ruwansa da shi. Mutumin nan!

Lahadi, 8 ga Satumba
Abi ba ta zo ba. Aike ta yi: yau addu'a sittin ta ja.

Talata, 10 ga Satumba
Na je marmaron da ma'aunin zafi, don in rufe mata baki kawai. Digiri talatin da ɗaya. To, a da nawa ne? Oho. Ba wanda ya taɓa aunawa sai ita. Na tarar da ita zaune, maƙwabciya ce ta kora mata awakin. Ko faɗa ba ta yi ba, shayin man shanu ta zuba min. Gara ma ta zage ni.

Alhamis, 12 ga Satumba
Yau ne hawa na uku. Na ce wa Bhandari robar famfo ta cinye, sabuwa sai an aiko daga birnin Leh, kafin nan sanyi ya shigo ruwa ya daskare, aiki sai baɗi. Ya yi ta sababi har muryarsa ta dushe. Robar lafiyarta ƙalau, tana aljihuna. Ba don Abi ba ne, lissafi nake so ya cika, shi ke nan.
Yau addu'a hamsin da biyar, in ji ta. Na rubuta a littafin aiki.