Baƙin Mai a Kan Ramatu

Litinin, 4 ga Afrilu, 1994
Garin Garwa kamar tanda. Wuni na yi a rami ƙarƙashin motocin manya ina yi musu juyen mai.

Shef Gaston, shugaban garejinmu, ya zo da sabon salo: wani jan gwangwani, wai maganin wanke inji. A tuttula a cikin tsohon mai, a bar mota tana kuka, sannan a sauke. Tun da aka karya darajar sefa masu motoci suka rage zuwa kamfani, dole a ƙirƙiro abin ƙara musu kuɗin aiki. Na ce, "Shef, injin nan sabo ne, me za a wanke?" Ya ce, "Bakinka, Bilya." Duk gareji dariya. 'Yan banza.

Man da ya sauko yau ya tsinke kamar shayi, warinsa har ƙwaƙwalwa.

Alhamis, 7 ga Afrilu
Na kai jarkar tsohon mai unguwa kamar kullum. Baƙin mai ba ya kwantai a wajenmu. Wannan ya shafa wa ƙyaure saboda gara, wancan ya zuba a masai, mai jaki ya sa a miki. Wannan ce kaɗai ranar da ake gaishe ni da fara'a.

Yaya Aminatu ta kawo ƙoƙo. Makero ya cinye kan 'yarta Ramatu, maganin kanti kuma ya fi ƙarfinta yanzu. Mu ma da shi aka yi mana muna yara. Na cika mata, har da fariya: "Na kamfani ne, Yaya, ba na 'yan bakin titi ba."

Asabar, 9 ga Afrilu
Lokacin cin abinci na ɗauki jan gwangwanin nan da aka yar, don dai ba na iya ganin rubutu in wuce. Akwai gicciye baƙi a cikin akwati ruwan lemo. Na ciro yagaggen ƙamusuna na Faransanci na bi kalma-kalma. Guba. Kada ya taɓa fata. A nesanta da yara.

Ban nemi izini ba, gudu na yi gida. Tun shekaranjiya aka aske Ramatu, aka lafta mata man, aka ɗaure da leda wai don ya shiga. A wannan zafin! Ramatu na zaune bakin randa ta ce, "Kawu, kaina yana cizona."

Na fizge ledar. Na ce wa Yaya jahila, na ce ba ta cancanci haihuwa ba, da wasu da ba zan rubuta ba. Ta tsaya da ludayi a hannu ta ce, "Wa ya kawo?"

Mun wanke da sabulu. Yarinyar ko kuka ba ta yi ba. Da ma ta yi.

Talata, 12 ga Afrilu
Fatar ta saɓule, makeron ya bi ta. Kan jawur yake yana ƙyalli. Ni na ga ƙuna, su sun ga waraka. Goggo Iyatu maƙwabciyarmu ta leƙo ta tafa hannu: "Kai jama'a, ya cinye shi tas!" Kafin la'asar labari ya kai bakin kasuwa.

Laraba, 13 ga Afrilu
Mata a ƙofar baya ta kamfani, kowa da gwangwanin madara. Wai man Bilya suke so, mai warin nan. Na kore su. Na ce tumaki sun fi su hankali. Wata ta ce, "Ya warkar da tasu, yana yi wa namu baƙin ciki."

Da na koma rami sai na hango Dawuda mai gadi yana ɗibar musu daga duro. A ganinsa sadaka yake.

Juma'a, 15 ga Afrilu
Na tare Shef da gwangwanin, na karanta masa da bakina. Ya gyara mini yadda ake furta kalma ɗaya, shi ke nan abin da ya dame shi. Ya ce, "Ni na inji na sayo, ba na kan mutum ba. In mutane ba su kwashe baƙin man ba, ina kake so in kai shi? Kogin Binuwai?" Na ce a sa kwaɗo a duron. Ya ce in na ƙara ɗaga masa murya a gaban masu motoci, akwai samari a ƙofa suna jiran ramina.

Har yanzu ina jin abin da ya kamata in ce masa.

Lahadi, 17 ga Afrilu
Ramatu ta ƙi cin tuwo. Ƙuda na bin ta.

Litinin, 18 ga Afrilu
Zazzaɓi. Fuska ta kumbura, ido ɗaya ya rufe. Kan yana ruwa, yana wani wari wanda ba na mai ba. Na goye ta zuwa asibiti, Yaya na biye da takalmi a hannu.

Wata nas, Madam Albertine, ta ɗaga ƙyallen da muka rufe kan da shi ta mayar da sauri. Da gurguwar Hausarta ta ce, "Wane ne ya yi wannan?" Yaya ta dubi ƙasa. Ni ma. An ba ta gado, an sa mata ruwa.

Laraba, 20 ga Afrilu
Da safe a lungunmu na gan su. Yara suna wasan ƙasa, kawunansu a ɗaure da leda, baƙin abu na tsiyayowa ta bayan kunne. Har da Bello jikan Goggo Iyatu, wanda bai daɗe da yaye ba.

Na tsaya tsakiyar lungu na yi ta kururuwa. Na ce Ramatu na asibiti. Na ce za su binne 'ya'yansu da hannunsu. Goggo ta fito tana gyara zani: "Ramatu iska ce ta buge ta, ɗan nan. Kai da kullum cikin faɗa kake, jiya da mai shayi, shekaranjiya da mai unguwa, wa zai gane wanne ne na gaske?" Ta ja Bello ciki ta sakaya ƙofa.

Tsohuwar banza. Amma maganar ta bi ni har rami.

Alhamis, 21 ga Afrilu
Ramatu ba ta gane ni ba. Ta kira ni Baba, shi da ya rasu tun tana goye. Likita ya ce abin ya shiga jini, sai a ga yadda za ta kwana.

Juma'a, 22 ga Afrilu
Ban je aiki ba. Bayan asuba na tafi zauren Malam Mahmudu limaminmu, wanda na taɓa gaya wa a bainar jama'a huɗubarsa maganin barci ce. Na cire takalmi tun daga waje. Na tsuguna. Na ce, "Allah gafarta Malam." Ban san muryar wa ce ta fito ba. Bai iya karanta gwangwanin ba, na fassara masa a hankali, ya sa na maimaita. Ya ce, "To, ɗana." Bayan sallar Juma'a ya faɗa, jimla kaɗan, ko ɗaga murya bai yi ba. Da na biyo lungu, ledoji ne baƙaƙe zube a kwata, ana ta wanke kawuna.

Ba don komai na je ba, shi ke da lasifika.

Ramatu tana nan yadda take. Ta haɗiyi kunu cokali ɗaya, Yaya ta ce alama ce. Ban sani ba.

Da la'asar Goggo Iyatu ta shigo ɗakin asibitin ba mayafi, Bello a kafaɗa, wuyansa ya saki. Ta gan ni ta tsaya. Maganar na kan harshena, a shirye, da kaifinta.

Na karɓi yaron na ce, "Zauna, Goggo, bari in kira Madam."