Awon Regina a Bayan Ƙyaure

Zuwa ga Gwaggo Azumi,

Ki taimake ni don girman Allah, kaina ya ɗaure. Ni ba yarinya ba ce, na ba hamsin baya. Ina zaune a Kafanchan, a gidan da marigayi maigidana Malam Dogara ya gina lokacin yana koyarwa a makarantar mishan. Kowane mako ina karanta filinki, ina ganin mata suna tambayarki labulen da za su sa da launin da ya dace da falo, sai in ce a raina waɗannan sun ji daɗi, damuwarsu ba ta wuce yadi ba. Yau ga ni nan ni ma da maganar fenti, amma tawa da abu a ƙarƙashinta.

Ɗana Andrawus, shi kaɗai Allah ya bar mini, zai yi aure mako ɗaya kafin Kirsimeti. Yarinyar sunanta Hellen, 'yar Zonkwa, mai hankali, ba ni da abin faɗa a kanta. Inda za su zauna shi ne ɗaki da falo da ke gefen gidanmu, kuma shekara takwas ke nan ba wanda ya kwana a ciki.

Masu zama a wurin a dā mutanen Gabas ne, Alexander akawu a tashar jirgin ƙasa, da matarsa Regina mai ɗinki, da 'yarsu Lucia. Shekara tara muna tsakar gida ɗaya. Regina ta fi ni Hausa, har gaisuwar yarenmu ta koya. Ita Katolika, ni majami'ar mishan, amma ko sa-in-sa ba mu taɓa yi ba. Ba ta ajiye littafin awo, don Lucia tana yage mata takardu. In mace ta kawo ɗinki sai ta auna ta, ta ɗauko fensirin da mijinta ke kawowa daga ofis, ta lashi bakinsa, ta rubuta suna da awo a bayan ƙyauren da ke tsakanin falo da uwar ɗaka. Ƙyauren nan ya cika daga sama har ƙasa. Rabin matan unguwarmu suna jikinsa, da kafaɗarsu da ƙugunsu.

A sittin da shida, da aka yi tashin hankalin nan da ba na son tunawa, Alexander yana wata tasha an tura shi riƙon aiki, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Regina da Lucia suka yi kwana uku a ɓoye a ɗakina. Rana ta huɗu suka fita zuwa tasha, don an ce akwai jirgin da zai kwashi mutane zuwa Gabas. Kan keken ɗinkinta kawai ta ɗauka. Ta sa mini makulli a hannu, ta ce in riƙe mata ɗakin sai ta dawo, na ce to. Aka yi yaƙi aka gama, mutanensu da yawa suka dawo, wasu suka koma aikinsu, wasu suka buɗe shago a kasuwa. Regina shiru. Ni kuwa na bar wurin a kulle, labulenta a sauke, sai dai in shiga sau biyu a shekara in share in fito da sauri.

Watan jiya Andrawus ya zaunar da ni, ya ce ko in ba su wurin, ko ya nemi haya a gari, kuma shi ba ya so ya bar ni ni kaɗai a gida. Na yarda. Muka kira wani mai fenti, Kumai, ya kawo farin fentin ruwa ya shafe bango, ya bi ƙyauren da ragowar. Da hantsi ya gama, ƙyaure fari tas, har na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Ban daɗe ba na koma in ɗauko tsintsiya, sai na ga rubutu yana fitowa. Gwaggo, ba a gaya mini ba, a tsaye nake ina kallo. Da farko ɗigo-ɗigo, sannan haruffa, launin jibi, maganin nan mai ruwan shunayya da ake shafa wa gyambo, sun fi na dā kauri, wasu har suna tsiyaya ƙasa. Sunan da na fara iya karantawa nawa ne, da awon tagogina biyu, don labule take ɗinka mini a makon da abin ya faru.

Kumai ya yi dariya, ya ƙara shafi na biyu. Rubutu ya fito. Ya yi na uku, ya ma fi fitowa. Sai ya tattara buroshinsa, ya ce shi ba ya aiki a ɗakin da mai shi bai yarda ba, bai sake dawowa ba. Kin san garinmu, kafin jirgin yamma ya iso labari ya kai ko'ina. Mata suka riƙa zuwa leƙe, kowace tana neman sunanta, wasu sunayen kuma masu su sun mutu tun tuni. 'Yan zumuntar mata ta majami'armu sun zo sun yi waƙa da addu'a, fasto ya ce kada mu ba Shaiɗan wuri, na ce amin, amma rubutu yana nan daram. Yanzu uwar Hellen ta aiko daga Zonkwa, wai 'yarta ba za ta kwana a ɗakin da matacciya ke rubutu ba, ko a canza wuri ko a ɗaga biki. Andrawus ya ɗauko guduma zai cire ƙyauren ya faskara, na tare ƙofa, muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Yau kwana biyar a tsaye yake gaishe ni.

Ga kuma labulen. Mai kauri ne, ja mai duhu, rana ta cinye shi layi-layi. Ɗakin duhu ko da tsakar rana, ga warin danshi. In jirgi ya wuce sai in ga yana motsi kamar da mutum tsaye a bayansa. Hannuna ya kasa sauke shi.

To, ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Mutane suna yabona wai na ɓoye maƙwabta, har a majami'a an taɓa kawo ni misali. Abin da ba wanda ya sani, ko marigayi bai sani ba, ni ce na ce ta tafi. Shi ya ce su zauna har abin ya lafa. Ni na ji ana cewa za a bi gida-gida, na dubi Andrawus, tsoro ya kama ni. Na shiga na gaya mata jirgin nan shi ne na ƙarshe, alhali ban san komai a kansa ba, a bakin rijiya na ji ana zancen. Ba ta yi mini musu ba. Wayyo, ko bakin ƙofa ban raka ta ba. Na tsaya a taga ina leƙenta har ta sha kwana, Lucia tana riƙe da bakin zanenta. Har yau ban san ko sun kai tasha ba.

Shi ya sa zuciyata ke ce mini wannan ba aikin fenti ba ne, ita ce. Wane launi ne zai rufe rubutun nan? Ko in bar yaro ya cire ƙyauren? In na shafe, ban ci amana ba? In ban shafe ba, na rasa ɗa da suruka a gida. Na san in kin buga wannan duk Kafanchan za ta gane ni. Ki buga, na gaji da yabon da ba nawa ba. Saura mako bakwai biki.

Ni ce,
Uwar ango, Kafanchan

Uwar ango,

Sannu, 'yar'uwa, sannu da ɗaukar wannan kaya ke kaɗai. Mu fara da ƙyauren, don shi ne mai sauƙi, kuma ke da kanki kika ba ni amsar da kika ce Regina tana lasar bakin fensir. Fensirin akawu ne, wanda ake cika takardun kaya da shi don kada a goge. A bushe launin toka ne, in ya ji ruwa sai ya koma launin jibi, don danginsu ɗaya. Kumai ya ɗauki fentin ruwa ya yi ta shayar da shi, ko shafi goma ya yi haka zai gani. Mai fentin da ya san aikinsa ba ya sa fentin bango a katako, tafiyar Kumai ba asara ba ce. Ki ari irin fensirin a wurin wani akawu, ki hau mota zuwa Zonkwa da guntun katako da ɗan fenti, ki rubuta ki shafa a gaban uwar Hellen. Gani ya kori ji. Kada ki ga laifinta, tsoron abin da zai taɓa ɗa kin san shi.

Kada a faskara ƙyauren. Katakon dā ne, ba za ki sami irinsa ba, kuma ɗakin ma'aurata sai da ƙyaure. Kafin a taɓa shi, ki zauna da littafi ki kwafe duk abin da ke jiki, suna da awo, kada ki tsallake ko ɗaya. Sannan kafinta ya kwance shi ya fito da shi rana, a kankare fentin ruwan nan, a bi da samfefa, a goge da sifirit ɗin da ake kunna fitilar famfo da shi. Ya sha iska kwana biyu. A shafa masa fentin azurfa irin na kwanon rufi sau biyu, shi ne ke tare tabo, sannan fentin mai, ruwan ƙasa ko kore mai duhu. Rubutun ba zai sake fitowa ba.

Bango kuwa, fari fat a ɗaki mai danshi kowane tabo yake nunawa. Da ni ce, ruwan madara a falo, shuɗi mai haske a uwar ɗaka. Amma ki bar Hellen ta zaɓa, ita ce za ta buɗe ido ta gan shi kullum. Labulen Regina ki sauke shi da rana tsaka, ki kira ƙawa ta tsaya kusa. Jirgi ne ke girgiza gidan, iska ta bi tsagar taga, tsohon yadi ya motsa. Ki wanke shi a hankali, ki ninke tare da littafin a akwati. A bar tagogi a buɗe mako biyu. Sabon ya zama yadin auduga mara nauyi mai barin haske, a wanke shi kafin a yanka don yana tsukewa, faɗinsa ya yi taga ɗaya da rabi, kada kuma ya taɓa ƙasa. Ki fara gobe, ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga mai wuyar. Ba zan ce miki ba ki yi komai ba, kin faɗi abin da ba ki da tabbacinsa ga matar da ta yarda da ke. Ba kuma zan ce kin tura ta ga halaka ba. A kwanakin nan wasu sun zauna sun tsira, wasu sun zauna ba su tsira ba, haka ma waɗanda suka shiga jirgi. Kwana ukun da kika ɓoye su ma naki ne, kada ki jefar da su. Amana kin riƙe ta shekara takwas, ba wanda zai ce kin yi gaggawa. Andrawus ma yana da haƙƙi, ɗakin da ke kulle gara yake ciyarwa. In bai riga ki ganin wannan shafi ba, ki zaunar da shi yau ya ji daga bakinki dalilin da ya sa kika tare ƙofa.

Abu ɗaya na nema a wasiƙarki ban gani ba. Ba ki ce kin taɓa tambayar kowa ba. Shekara huɗu mutanenta suna zaune a kasuwar garinku, kina wuce su. Na san dalili, muddin ba ki tambaya ba ba wanda zai ce miki ta mutu. Amma wannan ne ya sa fensir ya firgita ki. Ranar Litinin ki je wurin Fada, limamin majami'arta, ki je ofishin ma'aikata a tasha, ki zauna da matan da suka dawo, ki faɗi sunanta da ƙarfi.

Al'adata ce in canza sunaye a filin nan. Wannan karon ban taɓa na Regina da Alexander da Lucia ba. Jaridar nan tana shiga jirgi, tana zuwa inda ni da ke ba mu zuwa. Duk wanda ya san labarin Regina mai ɗinki, wadda ta bar Kafanchan a sittin da shida da kan keke da yarinya, ya rubuto mini, mai daɗi ko mara daɗi, akwai wadda ke jira. Allah ya sa wannan shafi ya faɗa hannun wanda ya sani, ya ba ki ƙarfin jin amsar, ya kuma sa albarka a auren yaran nan.

Taki,
Gwaggo Azumi