Kurɓi-Kurɓi a Watan Azumi

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Zafi. Tun hantsi teku ya yi fari fat kamar faranti, ko ganye ba ya motsi. Na kwanta a kan siminti ina kallon fanka tana kwasar zafi daga wannan kusurwa tana kai shi waccan.

Wata biyu ke nan da aka yi mini tiyatar rage tumbi a Nairobi. Ciwon sukari da gwiwoyi ne suka kai ni, kuma ban yi nadama ba. Likitar ta ce abin da ya saura bai wuce kofin gahawa ba. Ni Shufaa mai girkin biki, wadda duk Malindi ta san daɗin shinkafar biryaninta! Abincin ma bai dame ni ba. Ruwa nake kewa. In ɗaga moɗa in kwankwaɗa har ya zubo mini a wuya. Yanzu sai dai kurɓi, a jira, a sake kurɓa, wuni guda. In na yi garaje sai ya tokare mini ƙirji kamar dutse.

Ta ce azumi kuwa bana babu. Na ce to.

Lahadi, 2 ga Maris

An tashi da azumi. Mama da tsufanta ta ɗauka. Ni kuwa ina bayan ƙofa da gorar ruwa, kamar ɓarauniya.

Talata, 4 ga Maris

Barci ya ɗauke ni bayan azahar. Na ga kogin Sabaki ya shigo gidanmu, jajawur, ya ratsa tsakar gida a hankali kamar baƙon da ya san hanya. Na durƙusa na kafa baki. Na sha, na sha, ba abin da ya tokare. Da na farka harshena kamar busasshiyar fata. Fitsari ya yi duhu kamar shayi, irin wanda likitar ta ce in na gani in san ruwan jikina ya yi ƙasa.

Bi Mwanaisha maƙwabciyarmu ta zo sayen sambusa. Wai ni kam na huta, azumi ba zai ba ni wuya ba, tunda dama ba ci nake yi ba. Na yi dariya. Ban gyara mata ba.

Laraba, 5 ga Maris

Tun ina yarinya ban sha azumi ba sai na lalura. To bana babu, baɗi fa? In ya zama shi ke nan har abada? Wannan ce tambayar da na kasa yi wa likitar.

Gobe zan gwada. Ɗaya tak. Maigidana, Baban Nuru, yana bakin teku wurin gyaran jiragen ruwansa, ba zai sani ba.

Asabar, 8 ga Maris

A kwance nake rubutu.

Da sahur ranar Alhamis na yi ta kurɓa, amma ina kofin gahawa zai ajiye ruwan wuni? Har azahar dai lafiya lau. Jikina sakayau, kamar in na ɗaga ƙafa zan tashi sama. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Da la'asar ina suyar kaimati, fankenmu mai zaƙi, sai bangon kicin ya fara ja da baya. Ƙarar mai ta koma ƙarar ruwan sama a kan kwano. Na ga marigayi Baba tsaye a bakin ƙofa, rigarsa jiƙe kamar yanzu ya fito daga teku, na yi mamakin yadda ba ya ɗiga. Na miƙa hannu in taɓa sanyin rigar. Daga nan ban san komai ba.

Allah Ya taimaka kaskon bai biyo ni ba. Mama ce ta ji faɗuwata. An yi mini ƙarin ruwa a asibitin unguwa, nas tana ta faɗa, wai da ƙoda ba a wasa.

Baban Nuru ya zo ya ɗauke ni, muka hau keke za mu dawo. Yana kallon titi ya ce, "Maman Nuru, in tafiya za ki yi ki bari sai bayan Sallah, na riga na kai ɗinkinki." Na soma dariya, sai na ga shi ko murmushi bai yi ba.

Litinin, 10 ga Maris

Da rana tsaka Mama ta shigo da ɗanyar kwakwa da ƙaramin cokali. Ta zauna a bakin gado, leɓenta duk a tsage don azumi, tana ɗiba tana ba ni. Na kau da kai na ce kunya nake ji. Ta ce shekarar da ta haife ni watan gaba ɗaya ta sha, ta rama daga baya, sama kuma ba ta faɗo ba.

"Wanda Ya ce a yi, Shi Ya ce mara lafiya ya sha. Ko kin fi Shi sani ne? Buɗe baki."

Na buɗe. Ta yi ta ba ni har kwakwar ta ƙare. Wani wuri can nesa ana karatun Alƙur'ani a rediyo, sautin yana zuwa yana komawa.

Alhamis, 13 ga Maris

Hadari ya haɗu a kan teku, ya tsaya yana kallonmu, ya fasa.

Lahadi, 16 ga Maris

Yanzu da sanyin safiya nake suya, kafin rana ta ɗaga na bar kicin. Jiƙaƙƙen zane a wuya. Ruwa da ɗan gishiri da lemun tsami ya fi zallan ruwa shiga, ban san dalili ba. Wani lokaci ƙanƙara nake sawa a baki in rufe ido, tana narkewa ina bin ta har inda ta tsaya.

Na buga wa likitar waya, na daure na tambaye ta baɗi. Ta ce mu ga baɗin tukuna, da yawa suna iyawa. Ba ta yi alkawari ba. Na ɗauka zan yi kuka, ban yi ba.

Laraba, 26 ga Maris

Har yau ba ruwan sama, sai ƙamshinsa.

Ina dakali ina tsintar shinkafa Bi Mwanaisha ta zo. Mun daɗe muna hirar girkin Sallah da tsadar albasa. Za ta tashi sai ta rage murya, wai matar ɗanta cikin nan ya tsufa, likita ya hana ta azumi, amma a gidansu ko ruwa ba ta yarda ta sha a kan idon mutane. Ko za ta riƙa zuwa ta wuni wurina?

Sai da ta tafi na lura kofina yana kusa da faifan, ya kusa ƙarewa. Ashe a gabanta na yi ta sha.

Na dai ce yarinyar ta zo. Ba wani abu ba ne. Kofi biyu zan wanke.