Sojojin Roba da Maigidana Ya Bari

Assalamu alaikum 'yan gurup, da fatan kowa yana lafiya. Admin don Allah a sakaya sunana, Karaye ba wani girma ne da ita ba. Shawara nake nema, don Allah ku ba ni. Takaba nake yi, maigidana ya rasu, sadakar arba'in ɗinsa ta matso, kuma har yau ban yi kuka ba. Mata na shigowa gaisuwa su yi ta kuka, ni ce ke miƙa musu ruwa. Wasu na cewa ina da tawakkali, ni dai na san ba tawakkali ba ne, kawai ba na jin komai ne.

Marigayin ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, asalinsu mutanen Jajaye ne ta Rogo. Mutum ne mai shiru-shiru, ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. Abu ɗaya ne ya ɗauke masa hankali, wani wasa da ya gani a waya, wanda ake shirya yaƙin zamanin zuwan Turawa a kan tebur. Wani abokinsa a Kano ke yi masa odar 'yan sojojin roba, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, suna zuwa farare fat sai an yi musu fenti. Ɗakin zaure ya mayar wurin aikinsa. Da hannunsa ya gina gari guda a kan tebur, ganuwa da ƙofarta, da rumbuna, da rijiya. Farin kumfan da ke zuwa cikin kwalin firiji yake sassaƙawa, ya shafa gam, ya barbaɗa jar ƙasar da yake ɗebowa daga gonarsu ta Jajaye. Rariyata ta tankaɗe ma can ta ƙare, tsintsiyata kuwa ta zama dangar gidaje. Ran Asabar bayan la'asar abokansa biyu su zo, a jera sojojin Nasara masu jar dara a waje, 'yan baka da masu mashi a kan ganuwa, a jefa ƙwayar ludo, a auna tafiya da tef ɗin tela. Wata rana Turawa su ci garin, wata rana a kore su. Ranar da aka kore su to akwai balangu a gidanmu.

Da farko tsiya nake yi masa, ina cewa ni na auri babba ashe ɗan yaye aka kawo mini. Daga baya na shiga ciki tsamo-tsamo, don ni mai zanen lalle ce, hannuna ba ya rawa. Shi ya yi gini, ni in yi wa sojojin fenti, riga da rawani da fuska har ƙwayar ido. Ba wanda ya san da haka ko a cikin abokansa. A wannan ɗakin muka fi yin hira a duk zaman aurenmu.

Ranar wata Talata ya yanke jiki ya faɗi a ofis, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Bayan sadakar bakwai yayansa, Yaya Idi, ya buɗe zauren don a ƙirga kayan gado. Ya daɗe a ciki, ya fito idonsa jawur. Kar ku ɗauka mugu ne, shi ya riƙe marigayin tun rasuwar mahaifinsu. Ya zauna a bakin ƙofata ya ce ƙanwata ashe abin da ake yi a gidan nan ke nan, kina gani ba ki faɗa mini ba? Ya ce waɗannan surori ne masu ido da baki, kuma yana tsoron kada su zame wa ɗan'uwansa nauyi a kabari, don haka a ƙona su. Na ce Yaya ai wasa ne, ba bauta musu ake ba. Ya ce shi bai san wannan ba, ƙanensa ya sani. Abokan marigayin sun zo sun roƙi a ba su su adana, ya ce wato a ci gaba da tara masa ke nan. Sai ya je ya tambayi wani malami a garinsu, ya dawo da sassauci, wai ba sai an ƙona ba, ginin ma a bar shi, amma a cire wa kowane soja kai, in babu kai to ba sura ba ce. Ya kawo mini reza sabuwa a takardarta, ya ce kafin arba'in.

Na gaya masa gaskiya, na ce Yaya ni ce na zana fuskokin nan, in da laifi nawa ne. Bai yarda ba, ya ce Allah ya yi mini albarka da nake son rufa wa mijina asiri. Na bar shi a haka, ban da ƙarfin musu.

Sai na fara. Kullum in na gama abincin rana in shiga zauren in ɗauki kwano, ina yanka kamar mai gyaran kuɓewa. Na fara da masu jar dara, na koma kan 'yan baka. Wallahi ko a jikina. Na tuna ranar da na zana wannan, na tuna abin da ya faɗa a kan wancan, in yanke in jefa a kwano in ɗauki na gaba.

Shekaranjiya ina share ƙarƙashin teburin na ci karo da gwangwanin madara. Na buɗe, sai ga sojojinsa na farko, waɗanda ya yi wa fenti da kansa kafin in karɓi aikin. Ba su da yawa, kuma munana ne na gaske. Ido ɗaya a goshi ɗaya a kumatu, fenti ya dalalo har wuya, a bayan wani ma ga shatin yatsansa ya bushe a jiki. Na tuna na yi musu dariya har da riƙe ciki, ya kwashe su ya ce ya zubar. Ashe auduga ya shimfiɗa musu ya ɓoye.

To jama'a ga inda na tsaya. Duk waɗanda na yanke aikin hannuna ne, in ma akwai nauyi ba a kansa yake ba. Waɗannan na gwangwanin su kaɗai ne nasa. In maganar Yaya gaskiya ce, su ne ya kamata in fara yankewa, kuma su ne na ɗora wa reza hannuna ya ƙi. Yaya bai san da su ba, in na ɓoye ba mai tambayata. Amma in na ɓoye don kaina alhali shi yana can yana biya fa?

Masu ilmi a cikinku ku gaya mini tsakani da Allah, ba lallashi nake so ba. In yanke su, ko in mayar da murfin in ajiye? Gwangwanin na nan a kan cinyata nake wannan rubutun.